Takardar Gaskiya da Takardun Jabu: Katharine Gun da 'Yan Jarida a Jajibirin Yaƙin Iraƙi

Ranar Juma'a, 31 ga Janairun 2003, wani saƙon imel ya shiga kwamfutocin ma'aikata kusan ɗari a GCHQ, hukumar Birtaniya mai tatsar bayanan sadarwa, wadda ke garin Cheltenham. Daga Amurka saƙon ya fito, daga wani babban jami'in NSA, takwarar GCHQ a can, mai suna Frank Koza. Cikin waɗanda suka buɗe shi akwai Katharine Gun, 'yar shekara 28, wadda aikinta fassara ne daga harshen Sinanci zuwa Turanci. A Taiwan ta tashi, ta yi karatu a Jami'ar Durham, kuma shekara biyu kacal ke nan da ɗaukarta aiki.

Abin da Koza ya nema bai da wani ɓoye-ɓoye. Ya ce NSA ta ƙara ƙaimi wajen sauraron ƙasashen da ke zaune a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ambaci Angola da Kamaru da Chile da Bulgeriya da Gini, ya ce a ƙara sa ido a kan Pakistan, sannan ya roƙi Birtaniya ta kama musu. Ana so a san yadda kowace ƙasa za ta jefa ƙuri'a a kan batun Iraƙi, da matsayin da take shirin ɗauka a teburin ciniki, da waɗanda take ƙawance da su, da waɗanda ta dogara a kansu. A taƙaice, duk wani bayani da zai ba mahukuntan Amurka galaba wajen samun sakamakon da suke so.

Sai an san lissafin ƙuri'un Kwamitin kafin a gane nauyin wannan roƙo. A Nuwamban 2002 dukkan ƙasashe 15 sun amince da ƙuduri mai lamba 1441, wanda ya ba Saddam Hussein dama ta ƙarshe ya buɗe ƙofa ga masu binciken makamai. Ƙudurin bai ce a kai yaƙi ba. Firaministan Birtaniya Tony Blair kuwa yana matuƙar buƙatar ƙuduri na biyu da zai halatta yaƙin, domin jama'arsa ba sa so, kuma kwana ɗaya kafin saƙon Koza, babban lauyan gwamnatinsa, Lord Goldsmith, ya rubuta masa cewa 1441 shi kaɗai bai ba da izinin amfani da ƙarfi ba. Ƙuduri ba ya wucewa sai da ƙuri'u tara, kuma kada ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar na-ƙi. Amurka da Birtaniya da Sifaniya da Bulgeriya suna gefe guda, huɗu ke nan. Faransa da Rasha da Sin da Jamus da Siriya suna ɗaya gefen. Saura shida a tsakiya: Angola, Kamaru, Gini, Chile, Meziko, Pakistan. Rabin masu riƙe da makullin yaƙin ƙasashen Afirka ne, kuma Gini ce za ta shugabanci zaman Kwamitin a watan Maris.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin takardar shi ne neman sanin wanda kowace ƙasa ta dogara a kansa. Wanda ke son ya rinjaye ka da hujja, hujjarsa yake gyarawa. Wanda ke tambayar wa ke ba ka bashi, wa ke sayen man fetur ɗinka, wane tallafi kake jira, shi inda zai danna yake nema. Ƙananan ƙasashe kuwa ba su manta da abin da ya sami Yaman ba. A 1990 ta ƙi amincewa da ƙudurin yaƙin Gulf na farko, wani jami'in Amurka ya gaya wa jakadanta cewa bai taɓa jefa ƙuri'a mai tsada kamar wannan ba, kuma cikin 'yan kwanaki aka datse mata tallafin kusan dala miliyan 70. Angola a lokacin ko shekara ba ta yi da fitowa daga yaƙin basasa ba. Gini na ɗauke da ɗimbin 'yan gudun hijira daga Laberiya da Saliyo. Ƙasa mai irin wannan rauni, idan aka san abin da jakadanta ya faɗa wa shugabansa a waya cikin dare, ƙuri'arta ta rage zama tata.

Katharine Gun ta kwana da maganar a ranta tsawon ƙarshen mako. Ranar Litinin ta koma ofis, ta buga takardar, ta saka a jaka, ta fita da ita. Ta miƙa wa wata ƙawarta mai alaƙa da masu adawa da yaƙin, daga nan ta isa hannun 'yar jarida Yvonne Ridley, ita kuma ta kai wa Martin Bright na jaridar Observer.

Makonni a ɗakin labarai

Observer ba jaridar masu zanga-zanga ba ce a wancan lokacin. A watan Janairun ta rubuta sharhin edita da ya goyi bayan amfani da ƙarfi a kan Saddam, abin da ya ɓata wa masu karatunta da dama rai, har da wasu ma'aikatanta. Ga shi kuma takarda ta faɗo mata wadda ke tona asirin ɓangaren da take mara wa baya. Ba ta zo da tambarin hukuma ba, kuma Bright bai san wanda ya fitar da ita ba. Akwai fargabar cewa tarko ne aka ɗana don a kunyata jaridar.

Saboda haka aka yi makonni ana tantancewa. Peter Beaumont, ɗaya daga cikin 'yan jaridar Observer, ya nuna wa mutanen da suka san harshen cikin gida na hukumomin leƙen asiri, suka ce salon ya yi daidai. Ed Vulliamy, wakilin jaridar a Amurka, ya yi ta neman tabbacin cewa akwai mutum mai suna Frank Koza, har ya kira NSA kai tsaye. Aka haɗa shi da wani ofis, wanda ya ɗauka ya tabbatar masa ofishin Koza ne, amma da ya faɗi abin da ke tafe da shi sai aka ce masa ya kira lambar da ba daidai ba. Ranar Lahadi, 2 ga Maris, labarin ya fito a shafin farko. Edita Roger Alton, mai goyon bayan yaƙin, shi ya amince a buga. Wannan abu ne da ya cancanci a yaba masa a kai, domin a nan ake gane jarida ta ƙwarai: ra'ayinta yana shafin sharhi, amma labarin da ya saɓa wa ra'ayin ba a danne shi.

Sai kuma wani ƙaramin kuskure ya shigo. Turancin Amurka da na Ingila sun bambanta wajen rubuta wasu kalmomi. Lokacin da ake shigar da takardar cikin kwamfutar jaridar, an bi ta da manhajar gyaran rubutu, ita kuma ta mayar da kalmomin zuwa salon Ingila. Shafin intanet na Drudge Report na Amurka ya hango haka, ya yi shelar cewa Ba'amurke ba zai yi rubutu haka ba, don haka takardar jabu ce. Manyan gidajen talabijin na Amurka da suka riga suka shirya hira da Martin Bright suka janye ɗaya bayan ɗaya. Observer ta yi bayani, ta mayar da rubutun yadda yake tun asali, amma ba su dawo ba. New York Times ba ta ɗauki labarin ba a lokacin. Washington Post ta buga ɗan rahoto da ke cewa wannan bai girgiza kowa a Majalisar ba, tunda an saba. Kakakin Fadar White House, Ari Fleischer, ya ƙi cewa komai, bai kuma ƙaryata ba.

Kuskuren na Observer ne, kuma ba ƙarami ba ne a aikin jarida. Takardar shaida ba a taɓa ko waƙafi a cikinta. Amma duk editan da ke son sanin gaskiya, waya ɗaya ta ishe shi ya ji yadda aka yi. Ba a buga wayar ba, saboda dama an samu uzurin da ake nema. Abin da ya sa nake faɗin haka ba tare da shakka ba shi ne abin da ya faru da wasu takardun daban a cikin makon nan guda.

Takardun Nijar

Kwana uku kafin saƙon Koza, ranar 28 ga Janairu, George Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano cewa Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Ƙasar da ake nufi Nijar ce. Akwai wasu takardu da ke yawo a hannun hukumomin leƙen asiri, masu nuna wai an ƙulla cinikin tan 500 tsakanin Yamai da Bagadaza. Duk wanda ya san Arlit ya san yadda kamfanin Faransa ke riƙe da ma'adinan wurin a wancan lokaci, ya kuma san tan 500 ba kaya ba ne da za a loda a ɓoye a ratsa hamada da shi. Tun Fabrairun 2002 hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya dawo ya ce da wuya ƙwarai a ce an yi wannan ciniki.

A Oktoban 2002 takardun sun shiga hannun wata 'yar jaridar Italiya, Elisabetta Burba ta mujallar Panorama. An miƙa kwafinsu ga ofishin jakadancin Amurka a Rum don a duba, ita kuma ta hau jirgi ta je Nijar da kanta. Ba ta ga abin da ya gaskata su ba, ba ta kuma buga labarin ba. Ranar 7 ga Maris 2003, kwana biyar bayan labarin Observer, Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Ma'aikatansa ba su sha wahala ba kafin su gane. Ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan Oktoban 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Habibou a matsayin ministan harkokin wajen Nijar, alhali ya bar kujerar tun 1989. Tambaya ɗaya ga kowane tsohon ma'aikacin gwamnati a Yamai da ta warware wannan.

To ga abin da ya faru: takardar gaskiya an jefar da ita saboda bambancin 'yan haruffa, zargin da aka jingina wa takardun jabu kuwa ya kai har bakin shugaban ƙasa, jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Ba za a ce 'yan jaridar Amurka ba su iya shakka ba. Sun iya ƙwarai, sun nuna a kan Observer. Inda suka ajiye shakkar ne matsalar: sun tsananta ta a kan maganar da ta fito daga ƙasa, sun sassauta ta a kan maganar da ta fito daga sama. A Mayun 2004 New York Times ta rubuta wa masu karatunta cewa rahotanninta da dama a kan makaman ƙare dangi na Iraƙi ba su samu binciken da ya kamata ba. A watan Agusta Washington Post ma ta buga irin nata, inda manyanta suka yarda cewa labaran da ke tuhumar hujjojin gwamnati an riƙa tura su can cikin shafukan ciki. Lokacin an fi shekara da fara binne mutane.

Daga ofis zuwa Old Bailey

Da labarin ya fito, GCHQ ta fara kiran duk wanda saƙon ya shiga kwamfutarsa ana yi masa tambayoyi. A zaman farko Katharine Gun ta musanta. Washegari, 5 ga Maris, ta je ta sami shugabar sashenta ta ce ita ce. Ta ce ba za ta iya ganin ana tuhumar abokan aikinta a kan abin da ita ta yi ba. Ta kwana a ofishin 'yan sanda, aka sallame ta daga aiki bayan wasu watanni, aka bar ta wata takwas ba ta san matsayinta ba. Kamar yadda ta sha ba da labari, da masu bincike suka tuna mata cewa gwamnati take yi wa aiki, ta ce musu gwamnatoci suna canjawa, ita al'ummar Birtaniya take yi wa aiki, kuma ba ta tattara bayanai don a yi wa al'ummar ƙarya.

A tsakanin nan ƙuduri na biyu ya mutu. A Chile, ƙasar da ba ta manta da hannun Amurka a juyin mulkin 1973 ba, labarin ya tayar da ƙura, gwamnati ta nemi bayani. Ranar 10 ga Maris shugaban Faransa Jacques Chirac ya ce Faransa za ta ƙi amincewa. Ƙasashe shida na tsakiya ba su ba da ƙuri'un da ake nema ba, duk da kiraye-kirayen waya da ziyarce-ziyarcen da aka yi ta kai musu. Ranar 17 ga wata aka janye ƙudurin ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba, ranar 20 aka fara ruwan bama-bamai. Daga baya jakadan Meziko, Adolfo Aguilar Zinser, ya bayyana cewa sun yi wani zama na sirri su shida don neman a ƙara wa masu bincike lokaci, amma kafin gari ya waye Amurkawa sun san abin da aka tattauna. Fallasar ba ta hana yaƙin ba, ita ma Gun ba ta taɓa cewa ta hana ba. Abin da ya tabbata shi ne an shiga yaƙin ba da izinin Majalisar ba, kuma a Satumban 2004 babban sakatarenta na lokacin, Kofi Annan, ya faɗa wa BBC cewa a mahangar kundin Majalisar, haramtacce ne.

Ranar 13 ga Nuwamba 2003 aka tuhume ta da karya sashe na 1 na Dokar Sirrin Gwamnati ta 1989, laifin da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyu. Wannan doka tana da tarihi. A 1985 an gurfanar da wani babban ma'aikaci, Clive Ponting, saboda ya ba wani ɗan majalisa takardun da suka nuna ministoci sun ɓoye gaskiya game da nutsar da jirgin ruwan Ajantina, Belgrano, a yaƙin Falklands. Alƙali ya nuna wa masu taya shi yanke hukunci cewa maslahar ƙasa ita ce abin da gwamnatin da ke kan mulki ta ce, su kuma suka wanke Ponting. Gwamnatin Margaret Thatcher ta sake rubuta dokar ta yadda ma'aikacin leƙen asiri ba zai iya kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi ba. Dokar kare masu kwarmata bayanai ta 1998 ma ta tsame ma'aikatan waɗannan hukumomi daga inuwarta.

Ƙofa ɗaya ta rage, kuma ita lauyoyinta suka bi, wato Ben Emmerson da ƙungiyar kare haƙƙi ta Liberty: hujjar larura. Za ta ce ta karya doka ne don hana asarar rayuka a yaƙin da ya saɓa wa doka. Kafin a auna wannan hujja dole kotu ta san abin da gwamnati ta sani game da halaccin yaƙin, don haka suka nemi a kawo shawarar da Lord Goldsmith ya ba Blair. Washegarin wannan buƙata, 25 ga Fabrairu 2004, aka zauna a kotun Old Bailey, lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba za su gabatar da shaida ba. Ko rabin sa'a ba a yi ba aka sallame ta. Macen da ta amsa da bakinta cewa ita ta fitar da takardar, aka ce babu isasshiyar shaidar da za a kama ta da ita.

Goldsmith ya dage cewa janyewar ba ta da nasaba da shawararsa. Mai karatu dai ya duba abin da ya bayyana daga baya. A Afrilun 2005, ana dab da zaɓe, aka saki shawarar tasa ta 7 ga Maris 2003, mai shafi 13, cike da taka-tsantsan, tana cewa hanya mafi aminci ita ce a samu ƙuduri na biyu, kuma kotu na iya yanke cewa yaƙin ya saɓa wa doka. Kwana goma bayanta, a 17 ga Maris, abin da aka nuna wa majalisar dokokin Birtaniya ɗan gajeren bayani ne da babu shakka ko ɗaya a cikinsa. Elizabeth Wilmshurst, mataimakiyar babban mai ba da shawarar shari'a a ma'aikatar harkokin waje, ta ajiye aiki a kan haka. Rahoton Chilcot na 2016, wato na kwamitin da ya binciki rawar Birtaniya a yaƙin, ya ce yanayin da aka yanke hukuncin halaccin yaƙin bai gamsar ba ko kusa, kuma ba a ƙure hanyoyin lumana ba kafin a ɗauki makami. Sojojin Birtaniya 179 suka mutu a Iraƙi. Fararen hular Iraƙi kuwa, ko a ƙididdiga mafi taka-tsantsan, sun haura dubu ɗari. Kwana ɗaya bayan sallamar Gun, tsohuwar minista a gwamnatin Blair, Clare Short, ta faɗa a gidan rediyon BBC cewa ta taɓa ganin rubutattun hirarrakin Kofi Annan da aka saurara a ɓoye.

Masu sukar Gun suna da magana, kuma bai kamata a share ta ba. Sun ce ta ɗauki alkawarin riƙe sirri da saninta, kuma idan kowane ƙaramin ma'aikaci zai riƙa yanke wa kansa abin da ya cancanci a ɓoye, babu hukumar tsaro da za ta tsaya da ƙafarta. Sun ce leƙen asiri a Majalisar Ɗinkin Duniya tsohon abu ne, tun taron kafa ta a San Francisco a 1945 Amurka ke karanta saƙonnin wakilai. Haka ne. Amma daɗewar abu ba ta halatta shi, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta kare saƙonnin jakadu a fili. Sannan a dubi abin da ta yi a zahiri. Takarda ɗaya ta fitar. Babu sunan ɗan leƙen asirin da ke fagen aiki a ciki, babu sirrin soja, ba ta karɓi kobo ba, ba ta gudu ba, ta kai kanta. Amana kuwa ba ta tafiya ta gefe guda. An ɗauke ta aiki ne don kare ƙasa daga masu cutar da ita, sai ga shi ana neman a juya na'urorin kan jakadan Kamaru da na Gini don a samo ƙuri'ar yaƙin da Blair ke gaya wa jama'arsa cewa ba a yanke shawararsa ba tukuna. A ranar da saƙon Koza ya iso, Blair yana Fadar White House, kuma bayanan ganawar da suka fito daga baya sun nuna Bush ya riga ya sa ran fara kai hari a watan Maris, a samu ƙuduri ko kada a samu. Masu cewa da ta bi ta hanyoyin cikin gida su faɗi wace hanya ce, cikin makonni shida, za ta kai ƙorafi a kan manufar firaminista ga wani wanda ba a ƙarƙashin firaministan yake ba.

Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun sirri na yaƙin Vietnam a 1971, ya ce bai taɓa ganin fallasa mai muhimmanci da jarumtaka kamar tata ba, domin ita ta yi tata ne kafin yaƙi, lokacin da ake iya ceton rai. Ita kuwa ta rasa aikinta, ta daɗe ba ta samu tsayayyen wani ba, daga baya ta koma Turkiyya da iyalinta.

Janye ƙarar ya cece ta daga kurkuku, amma ya hana kotu ta yanke komai, don haka wanda zai zo bayanta bai gaji wata kariya ba. A 2020 hukumar da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan gyaran dokoki ta ce a saka hujjar amfanin jama'a cikin dokar, a kuma kafa wani kwamishina mai zaman kansa da ma'aikatan leƙen asiri za su iya kai wa ƙorafi. Da majalisa ta zartar da sabuwar Dokar Tsaron Ƙasa a 2023, ba ta saka wannan hujja ba, kuma sashe na 1 na dokar 1989 yana nan yadda yake ranar da aka tuhumi Katharine Gun da shi.